Randar Gwaggo Tsahara da Irin Kudaku

Abin da zan rubuta ya daɗe, kuma a lokacin da yake faruwa ban ɗauka zai zama abin tunawa ba. Wasu wurare ina ganinsu sarai. Wasu kuwa ban san ko da idona na gani ba, ko labari aka yi ta ba ni har na ɗauka na gani. Inda nake shakka zan faɗa.

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Ɗiyata Nana, wadda ke karatun aikin gona, ta jera bututun roba a wani ɗaki na gidanmu a Tawa, tana noman salati ba tare da ƙasa ba. Saiwoyin a cikin ruwa suke, ruwan kuma yana zagayowa daga wata babbar roba da ta ajiye a ƙasa. Ran nan da la'asar na iske ta tana jefa gorunan ƙanƙara cikin robar.

"Baba, ruwan ya yi zafi," in ji ta. "In na bar shi haka, saiwar ruɓewa za ta yi."

Na ce mata gaskiya ne. Na fita na zauna a ƙofar gida ina jiran magariba, sai na ga hankalina ya tafi wani azumin daban.

Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan babban farin tamanin da huɗu. Na gama makarantar aikin gona, ina jiran a tura ni wurin aiki, sai na koma ƙauyenmu da ke cikin kwari, kusa da Tama. Gidanmu na iske shi a rufe, mutanen sun yi kudu. Na sauka wurin Gwaggo Tsahara, yayar mahaifina.

Rumbunan garin duk a buɗe suke, ba abin da za a rufe a ciki. Kowane gida ka shiga, warin anza, ƙwayar wani itacen daji da ake jiƙawa don a cire mata ɗaci, shi ke fara tarbarka. Jar dawar taimako daga garin Buza ake ɗauko ta a ka, domin jakunan da suka rage ba su iya ɗaukar kaya. Makiyayan da suka saba sauka bayan gari suna nan, amma ba shanu, sai igiyoyi. Maza kuwa, duk mai ƙarfi ya tafi biɗa, wato cirani. Cikinsu har da Hamidu, ɗan Gwaggo na fari, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ya yi Abijan, ya bar mata matarsa Rabi da ƴaƴa biyu ƙanana, da garka, wato lambun ban-ruwa.

Garkar, mahaifinsa ne ya bar masa ita. Rijiya ɗaya ce a tsakiya, kuma abin da aka san garkar da shi kudaku ne, wanda mutanen gabas ke ce wa dankali. Wani iri ne mai jan ɓawo, mai saurin yi, ban ga irinsa a wata garka ba, ko da yake ba zan ce na zagaya kwarin duka ba. Shi kudaku ba a ajiye ƙwayarsa a rumbu kamar hatsi. Yaɗonsa ake yanka a dasa. Saboda haka kowane rani sai an bar ƴar kunya ɗaya a bakin rijiya ana ba ta ruwa, har damina ta sauka a yanka daga jikinta. In wannan kunya ta bushe, irin ya tafi.

A bazarar nan rijiyar ta ja baya. Guga kan sauka ya daɗe, ya fito da rabin laka. Ƙasar bakin rijiya ta tsage, ganyen ya fara ƙonewa daga gefe.

Gwaggo ba ta faɗin sunan Hamidu. Kunyar ɗan fari ce, kuma ita irin ta da ce, wadda ba ta san sassauci ba. Ba ta kiransa, ba ta shiga ɗakinsa, in ana hirarsa sai ta sami abin yi a madafa. In ya zama dole, "mai garka" take cewa. Ban taɓa jin ta ce tana kewarsa ba. Abin da na ji ta ce, wata safiya muna tsaye kan kunyar, shi ne:

"Mai garka in ya komo, mi za shi iske? Mutum ba shi komowa wurin da babu komi."

Ta juyo ta dube ni. "Kai ɗan lakwal, ɗan boko, duk karatun nan da kay yi, ba a koya muku yadda ake hana ganye mutuwa ba?"

Na ce akwai wata dabara. Ana iya yanke yaɗon a tsoma cikin ruwa a ɗaki, ya yi saiwa a ruwan, ya zauna har ruwan sama ya zo. Ruwan da zai ci bai kai na ban-ruwa ba, tunda ƙasa ba za ta shanye ba. Na ƙara da cewa ban taɓa yi da hannuna ba, sau ɗaya malaminmu ya gwada mana, kuma ba lalle ta yi ba.

"Kai kullum ba lalle ba," in ji ta. "Ran da anka haihe ka ma ba mu ɗauka lalle za ka yi rai ba. Ga ka nan kana cin anzarmu."

Da asuba muka yanka, ni da Rabi. Kowane yanka kamar daga gwiwar hannu zuwa tafi, muka zage ganyen ƙasa muka bar na sama. Mazubi mafi girma da muka samu shi ne rabin gangar ƙarfe da ke cikin magazar gari, ɗakin ajiyar hatsi, wadda ta zama fanko tun da hatsi ya ƙare. Muka rufe bakin gangar da tsohuwar tabarma, muka huda, muka zura yankan. Na barbaɗa ɗan takin zamani kaɗan a ruwan. Ba a jima ba saiwoyi suka fito, farare, sirara kamar zare. Rabi ta ɗaga tabarmar ta yi guɗa a hankali, don kada maƙwabta su ce ta haukace.

Amma magazar rufin kwano gare ta. Da rana ta take, in ka sa hannu a gangar sai ka ji ruwan kamar kunun da aka sauke ba da daɗewa ba. Saiwoyin suka koma ruwan ƙasa, suka yi yauƙi, in ka taɓa sai su saɓule a yatsa. Ruwan ya fara wari. Ina jin kusan rabi muka zubar.

Na bayyana wa Gwaggo yadda na fahimci abin. Akwai iska a cikin ruwa, saiwa kuma numfashi take yi da ita. In ruwa ya yi zafi iskar fita take, sai saiwar ta shaƙe.

"Ashe su ma nutsewa suke yi," in ji ta. "To ina ne ɗaki mai sanyi?"

Duk mun san amsar, ba wanda ya so ya fara faɗa. Ɗakin Hamidu na ƙasa ne, bangonsa mai kauri, da ƴar taga ta gabas, kuma a rufe yake tun tafiyarsa. Rabi ce ta ɗauko mabuɗi. Muka kwashe shimfiɗarsa gefe, muka zuba yashi a ƙasa, muka binne kwatarniyoyi har wuya, muka jiƙa yashin, muka rufa buhunan algarara jiƙaƙƙu a gefensu. Da muka gama, na waiwaya na ga Gwaggo tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe a nan. Sannan ta tuɓe takalmi ta shigo.

"Wurin ganye niz zo," ta ce, ko da yake ba wanda ya tambaye ta.

A cikin haka aka ga wata.

Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu wannan azumin ba. Sahur ɗan kunun jar dawa ne, wani lokaci da anza. Ana sallar asuba mu kama hanyar rijiyar gari, domin ta garka ta daina ba da komai. Mata sun riga sun jera tuluna. Abin da muka samo sai an bar shi ya kwanta, sannan Gwaggo ta raba: na girki, na yara, na randa, na jiƙa yashi. Wanka sai dai a goga jiƙaƙƙen tsumma. Kafin hantsi ya ɗaga sama ta yi fari fat, ƙasa ba ta takuwa, kaji sun buɗe baki a gindin bango. Daga azahar gari ya mutu. Kowa na kwance inda ya sami inuwa, ba mai magana, domin magana ma yawu take ci.

Ni kuwa ina da ɗan ma'aunin zafi na gilashi da na zo da shi daga makaranta. Sai in ta shiga ɗakin ina tsomawa ina dubawa. Da safe lafiya lau. Amma bangon ƙasa a hankali yake shan rana, zuwa la'asar sai ya fara amayar da ita ciki. A wannan lokacin ruwan kwatarniya ke ɗumama, ganye ya sunkuya. Yashi da buhu sun taimaka, ba su isa ba. Na ɗaga wani yanka na ga bakin saiwar ya fara canza launi.

Sai na zo kan randar. Gwaggo tana da wata tsohuwar randa a kusurwar rumfa, zaune cikin yashi, kullum jikinta na tsattsafo. Ruwan da aka zuba mata da asuba, zuwa yamma har haƙori yake kamawa. Duk unguwar an san ta. A azumi, kafin magariba, maƙwabta kan aiko da kwanoni a ɗan sam musu na buɗe baki, ita kuma ba ta taɓa hanawa ba. A shekarar da ba hura, ba dabino, ba komai, wannan moɗa ɗaya ta ruwan sanyi ita ce abin da mutum ke wuni yana tunani.

Ban roƙe ta ba, wannan ina da yaƙini a kansa. Abin da na ce kawai, ruwan kwatarniya yana son a sanyaya shi yanzu, in aka jira dare an makara. Ta dubi ganyen, ta dubi hannuna da ke jiƙe. Ta fita, sai ga ta da ƙwarya cike.

"Inna, na shan ruwa ne hwa," in ji Rabi.

"Na sani."

Daga ranar haka aka riƙa yi. Da la'asar mu kwashe rabin ruwan kwatarniya mu zuba wa yashi, tunda akwai taki a ciki ba ya shayuwa. Sannan a kawo na randa, in ɗaga ƙwaryar sama in tsiyaya don iska ta shiga. A mayar wa randa da na tulu, wanda ba zai sami lokacin yin sanyi ba kafin a kira salla. Yaran kaɗai ta ware wa ɗan kaso. Mu manya da ruwan ɗumi muka riƙa buɗe baki. Yana sauka ciki ya cika shi, amma maƙogwaro bai san an sha ba.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, Baba Ɗan-Jimma, taubashin Gwaggo, wanda shi da kansa yake zuwa da moɗarsa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Tsahara, wannan ruwa ne ko romo?"

"Sha ka gode Allah, tsoho."

"An ce ganye kika ba ruwanmu. Shi ganyen shina azumi ne?"

"Shi dai ba shi da bakin roƙo awa kai."

"Allah shi isam min. Na tsuhwa, an hi son ciyawa da ni."

Ya tafi yana mita. Washegari da la'asar sai ga shi ya dawo, rungume da wani ɗan tulu da ya naɗe da jiƙaƙƙen rawaninsa. Ya dire a ƙofar ɗakin. "A ƙara ma surukan naki," ya ce. "Ba don ke ba. Don Hamidu." Gwaggo ta kau da kai kamar ba ta ji sunan ba. Bayan shi wasu mata biyu ko uku su ma sun riƙa kawowa, ba kullum ba. Wasu kuma sun daina gaishe mu sosai, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni abin ya hana ni sukuni. Gwaggo ta tsufa, leɓɓanta sun tsattsage, in ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Wata rana ta zame a bakin madafa, Rabi ta tare ta. Na same ta na ce, a ganina mu dakata. Na ce ba ni da tabbacin ganyen nan zai kai damina, ba ni da tabbacin ma damina za ta zo, kuma ban so a ce saboda maganata wani abu ya same ta.

"In mun ci gaba, ka tabbata za su mutu?"

"A'a, Gwaggo."

"In mun bari hwa?"

"Za su mutu."

"To ga abin da ka tabbata nan. Ɗauko ƙwarya."

Ƙarshen azumi hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya taso baƙi ƙirin, iska ta kwashe zana da tabarmi, kowa ya fito tsakar gida, sannan ya watse ba ko ɗigo. Ya yi mana haka ba sau ɗaya ba. Muka yi Salla da tsofaffin tufafi. Ruwan kirki, in ban manta ba, sai bayan Salla ya sauka, da rana tsaka. Ƙamshin ƙasa ya shiga har cikin ɗaka. Yara suka fita tsirara, Rabi ta jera duk wani mazubi da ke gidan a ƙarƙashin indararo. Gwaggo ba ta fita ba. Ta zauna a rumfa ta miƙa ƙafafunta inda feshin ke kaiwa.

Abin da ya rage na yankan bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Saiwar ruwa ba ta da ƙwari, don haka da yamma muka dasa, muka kafa musu karan dawa don inuwa. Wasu sun kwanta ba su tashi ba. Sauran suka kama. Kafin a tura ni aiki wajen Keita, na ga yaɗo ya fara rufe kunya. Gwaggo ta sa Rabi ta gaya wa duk mai tafiya Abijan, in ya ga mai garka ya ce masa kudaku na nan.

Da kaka na zo ganin gida, na tarar Hamidu ya iso. Ya rame, amma yana da agogo da rediyo. Shi taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna. Ya tarbe ni da lakabin nan na Faransanci da ake kiran ƴan boko da shi.

"Mushe! An ce ka mai da ɗakina hwadama. Har yanzu katihwata warin kwaɗo take."

"Kai da anka ce ka zama mai gadin kantin wani, mi ka sani game da kwaɗo?"

Muka tafi garka tare. Ya tsuguna ya tona da hannu, ya ciro ɗaya, ya goge a riga ya gatsa ɗanye. Ya daɗe yana tauna. Ya ce Rabi ta ba shi labarin randa, duka. Sai kuma ya ce ya sami ɗaki a can, da aikin da ba ya jiran ruwan sama, kuma ya zo ne ya ɗauki Rabi da yaran. Ya ce bana an samu, baɗi fa? Ya ce ya gaji da kirga kaburbura daga nesa. Har yau ban ce ya yi kuskure ba.

"Kai za ka gaya ma Inna," in ji shi. "Ka san ni da ita ba mu iya wannan magana."

Na same ta tana tankaɗe. Na yi ta kewaye-kewaye, har ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa. Na ƙara da cewa ya ce in tana so ta bi su. Hannunta bai tsaya ba.

"Yaushe?"

"Ran kasuwar Tama motar za ta tashi."

Ana gobe kasuwa ta ɗauki hauya ta nufi garka, na bi ta. Ta fara tono daga gefe, ni ina tsincewa. Ya yi ƴaƴa sosai, jajaye, wasu kamar damtsen yaro. Muka gama kunyoyin tsakiya. Sai na ga ta nufi ta bakin rijiya.

"Gwaggo, wannan a bar ta. Ita ce iri."

"Tahiyar da nisa," ta ce. "Yara na jin yunwa cikin mota."

Ta sa hauya. Yaɗon ta tara ta ce a kai wa akuyar Ɗan-Jimma. Da yamma ta dafa wani, ta gasa wani, sauran ta ɗura a buhu ta ɗinke bakin da kanta.

Da safe ba ta fito rakiya ba, kuma ba wanda ya zaci za ta fito. Hamidu ya tsuguna a bakin rumfa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, mun tahi." Tana zaune ta ba shi baya. Ta ce, "Rabi, ki riƙe yaran da kyau, kar su leƙa." Ni na ɗaukar musu buhun har bakin hanya.

Ta yi wasu shekaru bayan nan, ita kaɗai a gidan. Garkar wani ya karɓa ya sa albasa. Hamidu ya zo bayan an yi kwana bakwai da rasuwarta.

Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni dai na ga an kai wa akuya yaɗon, kuma shekara da shekaru na ɗauka a nan irin ya ƙare. Amma wata mata ƴar garinmu da ta zauna a Abijan ta taɓa ce mini, ta ji daga bakin Rabi cewa da suka farke buhun, sun iske yanka ɗanye a can ƙasa, an zage ganyen ƙasa an bar na sama, an naɗe da jiƙaƙƙen ɗankwali. Matar ba ta san ko sun dasa ba, ko ma akwai ƙasar dasawa a inda suke. Rabi da Hamidu duk sun riga mu gidan gaskiya, yaran kuma ban san inda suke ba. In akwai wanda ya yi wannan azumi a kwarinmu ya ga na karkace a wani wuri, ya gyara mini, zan karɓa. In kuma akwai wanda yake wurin lokacin da aka farke buhun nan, ina roƙonsa ya aiko ya gaya mini abin da ke ƙasansa.